Tsakuwar Da Ban Tsince Ba

Tun ladanin Nima bai gyara murya ba
nake zaune, faifai a cinya,
ina raba shinkafa da tsakuwa.
Shekara ashirin da uku ina wake da shinkafa,
ba wanda ya fasa haƙori a rumfar Barikisu.
Je ka tambayi yaran mota.

Shekarar da Azara ta gama sakandare
aka cire mini maɗaciya a Korle Bu.
Huji huɗu, ba yanka.
Likita ya ce ya datse bakin hanya da 'yan ƙarafa,
kowanne da kaɗan ya ɗara ƙwayar shinkafa,
za su zauna nan har ranar da za a yi mini sutura.
Na ce, baƙon da ba ya ci, ba ya sha,
wa zai kore shi?
Kwana goma sha biyu na koma bakin murhu.

Shekara bakwai. Na manta da su.

Sai wata Laraba, ina zuba wa mai faci shito,
ya ƙi miƙo hannu ya karɓi ganyensa.
Ya ce, Hajiya, idonki.
Na ce hayaƙi ne.
A madubin babur ɗinsa na duba:
farin ya koma ruwan ɗorawa.
Fitsari kuwa, sai ka ce ruwan karan dafin
da nake rina wake da shi.
Rana tsaka sanyi na kaɗa ni a gaban wuta,
da dare na yi ta susa har farce ya yi jini,
ga wani abu ƙarƙashin haƙarƙarin dama
yana murɗawa, kamar mai matse wanki.

Layinmu kowa ya zama likita.
Shawara ce, jiƙa rawaya.
Jifa ne, dubi mai rumfar tsallake.
Ita da ta ba ni bashin gawayi a damina?
Na sha jiƙon dai. Ido bai sauya ba.

Dakta Lamptey ta juyo mini da hoton.
Ta ɗora bakin biro kan wani ɗigo mai haske.
Ɗaya ya bar inda aka ajiye shi,
ya yi ta sulalewa, ba sallama,
ya faɗa magudanar ɗaci ya kwanta.
Ɗaci ya yi ta yi masa yaɓe, yau kaɗan, gobe kaɗan,
har ya zama tsakuwa, ya toshe hanya.
Ta ce ba kasafai ba,
cikin dubbai sai ɗai-ɗai.
Na ce, ni da ko a adashi
sai kowa ya kwasa nake ɗauka,
yau ni ce ɗaya cikin dubu?
Ta yi dariya. Ni ma na fara, ciwo ya katse ni.

Ta baki suka bi, da tiyo mai ido.
Na farka da maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya,
ga 'yar kwalba kusa da matashi.
Baƙa ce, ba ta kai gurjiya ba.
Sun fasa gefenta, ƙarfen na leƙe
kamar yaron da ya yi ɓarna ya ɓuya bayan ƙyaure.

Azara ta ce mu nemi lauya.
Ban sani ba.
Hannun da ya datse shi
shi ya raba ni da birgima a ƙasa bayan cin maiƙo.
Na tambayi Dakta, sauran fa?
Ta ce suna nan inda suke.
Ban ce mata wancan ma haka aka ce ba.

Kwalbar tana kan kanta, kusa da gishiri.
Da asuba in na tsinci tsakuwa
nakan juya ta a yatsa kafin in yar,
in dafa dama da ɗaya hannun, in saurara.
Shiru.
Sai tukunya ta fara tafasa,
mai faci ya ƙwanƙwasa benci,
ya dubi idona tukuna, sannan ya ce a ƙara ƙwai.